Darasin Hutu a Tsakiyar Damina

A Jami'ar Tarayya ta Dutse, kamar sauran manyan makarantun ƙasar nan, kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta, kuma tamu ba ta bambanta da sauran ba wajen abin da ta saba yi idan hutu ya gabato. Akan yi karo-karo a shirya walimar bankwana ga waɗanda suka kammala, a buga riguna masu ɗauke da sunan ƙungiya, a haɗa gasar ƙwallon ƙafa tsakanin mazaɓu idan an koma gida, idan kuma hutun ya haɗa da Sallah a zaga gidajen manya a yi musu barka. Ban taɓa ganin laifin waɗannan abubuwa ba, domin ta hanyarsu ne ɗan wannan gari yake sanin ɗan wancan. Sai dai a taron ƙarshe da muka yi kafin jarrabawar zango na biyu, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta tambayi shugabanni ko sun lura cewa masu zuwa taron kusan duk daga garuruwan bakin titi suke, alhali ƙauyukan cikin lungu shekara da shekaru ba su turo kowa jami'a ba. Wannan tambaya ce ta haifar da shawarar buɗe darasin hutu kyauta ga 'yan babbar sakandare, kuma aka ɗora mini reshen ƙauyenmu, wanda ke ƙasar Ringim kusa da kogin Haɗeja, saboda babu wani ɗan garin a ƙungiyar sai ni.

Abin da muka fara dubawa shi ne ko hutunmu zai haɗu da na yaran. Tun bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kalandar jami'o'in gwamnati ta goce daga inda aka san ta, har ya zama ba lallai ne hutun jami'a ya zo daidai da dogon hutun sakandare ba. A wannan karon an dace, domin hutun biyu sun haɗu a cikin Agusta har zuwa farkon Satumba. Da aka nemi masu sa kai hannaye da yawa sun tashi a zauren taro, amma da aka zo rubuta suna da ranar da kowa zai zo, sai adadin ya ragu ƙwarai. Ni ban zargi kowa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na rajista suka hau, ɗalibi da yawa hutunsa shi ne lokacin neman kuɗin komawa makaranta: wani yana ƙwadago a gonar shinkafa, wani yana acaɓa da babur ɗin yayansa, wata tana ɗinki, wani yana zaman shagon POS. Saboda haka muka tsayar da cewa yamma biyu kawai a mako ake nema daga kowane mutum, amma duk wanda ya karɓi rana kada ya saɓa ba tare da ya samo mai maye gurbinsa ba.

Kuɗin da muka tara na alli ne da takardu da ɗan abin da za a rage wa masu zuwa daga nesa na mota. A tsakiyar shiri wani mai neman kujerar siyasa ya aiko cewa zai saya mana littattafai ya kuma buga mana ƙyallen sanarwa, muddin za a sa hotonsa a jiki. Wasunmu sun so a karɓa. Uban ƙungiyarmu, wani malami a jami'ar wanda shi ma ɗan karkara ne, ya ce mu yi wa mutumin godiya da kyakkyawan lafazi mu bar masa kayansa, domin a ƙauye da zarar an ga hoton ɗan takara a ƙofar aji, duk gidan da ba ya jam'iyyarsa zai riƙe ɗansa. Shi ne kuma ya rubuta mana takardar gabatarwa, ya sa hannu, aka buga hatimin ƙungiya. Da ita na baro Dutse ranar da aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai.

Takardar tana da amfaninta, amma a gari irin namu ba da ita ake farawa ba. Mahaifina na fara sanar wa, shi ya kai ni wurin mai unguwa, mai unguwa kuma ya sa mana lokacin ganin dagaci bayan sallar La'asar. Mun tarar da shi a zaure tare da liman da wasu dattawa, muka cire takalma muka durƙusa muka yi gaisuwa, sannan mai unguwa ya gabatar da ni da sunan mahaifina da na kakana, ko da yake babu wanda bai san ni ba a wurin. Na yi bayani a taƙaice, na miƙa takardar, dagaci ya karɓa ya ajiye a gefen buzunsa bai buɗe ba.

"To ɗana, mun ji," in ji shi. "Yau kyauta ne, gobe fa? Kada yara su saba, sannan a aiko mana da takardar kuɗi."

"Ranka ya daɗe, ko sisi ba za a karɓa ba, daga farko har ƙarshe."

"'Yan mata fa, wa zai tsaya a kansu? Kuma ka san lokacin da muke ciki. Duk wanda ya ɗauke wa manomi ɗansa da safe a watan nan, ya ɗauke masa abincin shekara."

Liman ya ƙara da cewa kada a taɓa lokacin Islamiyya. Waɗannan tambayoyi uku, wato kuɗi da mata da lokaci, su ne suka tsara duk abin da ya biyo baya, fiye da jadawalin da muka zana a Dutse, wanda ya sa darasi daga ƙarfe tara na safe kamar yadda ake yi a birni. A Agusta gero ya fara fitar da kai, ana maimai a gonakin gyaɗa da riɗi, masu shinkafa suna fama da ciyawa da zuba taki, kuma saurayi ɗan shekara goma sha bakwai cikakken ma'aikaci ne a gidansu. Bayan an yi ta jan magana aka daidaita a kan bayan sallar Azahar zuwa kusan ƙarfe biyar, a tsaya a yi La'asar a tsakani, malamin Islamiyya kuma ya yarda ya mayar da manyan ɗalibansa zuwa bayan Magariba na ɗan lokaci. An cire Juma'a, an kuma cire Lahadi, domin ranar kasuwar Gujungu ce, kuma babu amfanin buɗe aji a ranar da rabin gari ya bi motar kasuwa. A Juma'ar da ta biyo baya liman ya yi sanarwa bayan an idar da salla, kuma wannan sanarwar ta fi duk takardun da muka manna a bango tasiri.

Samun aji ya fi ba mu wahala. A garinmu firamare da ƙaramar sakandare kawai ake da su, 'yan babbar sakandare a keke ko a ƙafa suke zuwa makarantar jeka-ka-dawo da ke wani gari. Hedimasta ya nuna yana so, amma ya ce ba shi da ikon ba da mabuɗin ginin gwamnati a lokacin hutu sai da izinin na sama da shi a rubuce. Na kai takarda wani ofishi, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Na koma aka ce takardar tana kan tebur. Na sake komawa aka ce a sake rubuto ta da wani take daban. Wanda ya warware matsalar shi ne shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wani tsohon malami da ya yi ritaya, wanda ya hau bayan babur ɗina muka tafi tare. Bai yi faɗa da kowa ba, gaisawa kawai ya yi da mutanen da yawancinsu ya koyar, kafin Azahar muka fito da izini. An ba mu aji biyu da sharaɗin mu kula da bencina kuma mu mayar da mabuɗi hannun maigadi kowace yamma.

Ranar farko ba mu koyar da komai ba. Mun rubuta sunan kowa da ajinsa da darussan da yake ɗauka da abin da yake son karanta nan gaba, sannan muka ba su ɗan gwaji na Turanci da Lissafi. Da muka zauna duba takardun da daddare a ƙofar gidanmu da hasken fitilar waya, mun ga abin da ya sauya mana tsari. Yaro yakan kasa amsa tambayar lissafi idan an rubuta ta da Turanci, amma idan aka karanta masa ita da Hausa, aka ce buhu kaza ne aka saya a kan kaza aka sayar a kan kaza, kafin ka rufe baki ya faɗi ribar da ka, domin lissafin da yake yi ke nan duk ranar kasuwa. Akwai wanda yake iya haddace ma'anar kalma ta kimiyya layi biyu ba gargada, amma idan aka ce ya faɗi abin da take nufi sai ya yi shiru. Daga nan muka yanke cewa kowane darasi za a fara bayaninsa da Hausa har sai an gane, sannan a koma Turancin da za a tarar a takardar jarrabawa, a kuma ware rabin sa'a kullum don karanta gajeren nassi da amsa tambayoyi a kansa. Wani abokin aikinmu mai karanta Turanci ya ƙi wannan tsari da farko, yana ganin Hausar ce take hana yaran ƙoƙari. Ni ra'ayina shi ne wanda bai gane abu da harshen da yake tunani da shi ba, haddar da zai yi da wani harshe ba za ta kai shi ɗakin jarrabawa ba. Ba na kuma ɗora laifin a kan malamansu, domin na san makarantar da malami ɗaya yake riƙe da Fiziks da Kemistiri da Lissafi a azuzuwa uku.

Rajistar ranar farkon ta tona wani abu da ya fi raunin Turanci girma. Yara da yawa sun rubuta cewa likita suke son zama, amma cikinsu akwai waɗanda ba sa ɗaukar Fiziks ko Kemistiri, wata kuma tana son aikin lauya ba ta taɓa shiga ajin Adabin Turanci ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu cewa mai neman likitanci ko aikin jinya a jami'a Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai rubuta a jarrabawar JAMB, mai neman injiniya kuma Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, ko kuma cewa sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, ake maganar gurbi a mafi yawan kwasa-kwasai. Ɗan birni yana tsintar waɗannan bayanai a bakin yayyensa da maƙwabta ba tare da ya nema ba. Yaron da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a unguwarsu ba shi da inda zai ji su, sai ranar da ya tsaya a gaban mai yin rajista, shi kuma ya cike masa abin da ya ga dama don layi ya ragu.

Saboda haka muka mayar da ranar Asabar ta zama ta bayanin hanya kawai. Mun zana musu yadda jarrabawar take: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku, jimillar maki 400. Mun gaya musu cewa cin jarrabawar ba shi ne ƙarshe ba, akwai ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, akwai tantancewar da kowace makaranta take yi, akwai kuma karɓar gurbin a shafin hukumar idan an bayar, domin akwai masu rasa gurbi don kawai ba su san ana shiga a karɓa ba. Mun kuma buɗe musu ido a kan cewa karatu bai tsaya a likitanci ba, kuma bai tsaya a Kano ko Zariya ba. A cikin Jigawa kaɗai akwai jami'armu ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa ta 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Haɗeja da Dutse, da makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu da ta kiwon lafiya a Jahun. Da muka ambaci lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a Mayun 2024, iyaye maza biyu da suka tsaya a bakin taga suna saurare suka shigo ciki suka zauna, kuma tambayarsu ta farko ita ce ko akwai ruwa a kansa. Mun gaya musu babu, amma bashi ne da za a biya bayan an fara aiki.

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma mafi yawan yaranmu ba su taɓa zama a gaban kwamfuta ba, duk da cewa sun iya sarrafa waya. Mun aro kwamfutocin cinya guda uku daga abokanmu, muka sa musu manhajar tsofaffin tambayoyi wadda ba ta buƙatar intanet. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce a wurinmu, don haka kowace safiya ƙanena yake kai su shagon mai cajin waya da ke aiki da sola, wanda ya rage mana kuɗi da ya ji abin da ake yi da su. Ba zan manta da wani yaro ba, wanda ya fi kowa ƙwazo a Lissafi, ranar da layi ya zo kansa. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya ɗora shi a kan linzamin kwamfutar a hankali kamar mai riƙe da ɗan tsako, da ya ga kibiyar ta gudu zuwa kusurwa sai ya ɗaga linzamin sama yana neman dawo da ita, 'yan aji suka fashe da dariya, shi kuma gumi ya keto masa. Wannan yaron da zai iya amsa tambayoyin a takarda, da a haka ya shiga ɗakin jarrabawa da rabin lokacinsa ya tafi a kokawa da na'ura. Mun nuna musu cewa ana iya yin jarrabawar da madannai kaɗai: A da B da C da D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S kuma don miƙa aiki, wanda muka yi ta gargaɗin kada a kusance shi sai an gama. Kafin hutu ya ƙare shi wannan yaron ne yake koya wa na bayansa.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma wanda a ganina ya fi komai amfani, shi ne duba takardu. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke jikin NIN da ranar haihuwar da ke ciki su ne hukumar take ɗauka. Ɗalibi zai tura lambarsa mai alƙaluma 11 ta saƙon waya zuwa 55019, a dawo masa da lambar da zai yi rajista da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa shi kaɗai har ƙarshen neman gurbi. Mun ce kowa ya kawo takardar NIN da ta haihuwa da shaidar kammala firamare, muka jera su a kan benci muna gwadawa. Abin da muka gani ya isa ya hana mutum barci. A al'adarmu yaro yakan tashi da sunan yanka da laƙabi, a makaranta a haɗa masa da sunan uba, wani malamin ya ƙara sunan gari, a wurin yin NIN kuma wanda ya raka shi ya ba da sunan kaka. Sai ka ga mutum ɗaya da suna iri uku a takardu uku, ko kuma Muhammad a nan, Mohammed a can. Ranar haihuwa kuwa da yawa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu, wasu an rage musu shekaru har sun gaza 16 da ake buƙata kafin a ba da gurbi. Wasu ba su da NIN ɗin ma sam, wasu kuma da layin wayar yayansu da ke ci-rani a Legas aka yi musu.

Gyaran suna ko ranar haihuwa a NIN yana cin kuɗi da lokaci, don haka ga waɗanda ba su riga sun yi rajistar WAEC ko NECO ba muka ba da shawara mafi sauƙi, wato su tabbata sunan da makaranta za ta tura ya yi daidai da na NIN harafi da harafi. Mun rubuta jerin sunayen yadda suke a NIN muka kai wa shugaban babbar sakandaren, ya karɓa da murna, ya ce ya sha ganin wannan matsala bayan aikin gama ya gama. Waɗanda ba su da lambar kuma muka haɗa su rukuni-rukuni, aka sa ranar da wani babba zai raka su hedikwatar ƙaramar hukuma, kowa da sunansa a rubuce a takarda a aljihu don kada a sake yin kuskure a bakin taga.

Maganar 'yan mata abokan aikinmu mata ne suka ɗauke ta, domin ni ba ni da ikon wuce zauren gidan kowa. Ɗalibai mata biyu daga garin da ke maƙwabtaka da mu suka riƙa shiga gida-gida da safe, lokacin da maza suke gona. Ɗaya daga cikinsu ta ba ni labarin wata uwa da ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "'Yar nan, ni ba na ƙin karatu, amma wa zai ɗaukar mini tallan yamma? Kuma an riga an sa ranarta bayan kaka." Ita kuma ta amsa, "Inna, ba mu zo hana aure ba, a bar ta ta rubuta jarrabawar, takardar ba ta ruɓewa." Sun daidaita a kan cewa yarinyar za ta riƙa zuwa da farantin gyaɗarta, ta ajiye a bakin aji, kuma mu malamai muka zama manyan masu sayenta. Mun ware wa mata ajinsu, ana tashinsu kafin maza, kuma matar liman takan leƙo lokaci zuwa lokaci. Duk da haka adadinsu bai kai rabin na maza ba, kuma wasu sun daina zuwa ba tare da mun ji dalili ba.

Wajen ƙarshen Agusta ruwa ya tsananta. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a wannan yanki ba ya wasa da kogin Haɗeja idan ya fara cika, musamman da yake ciyawar kacala da yashi sun toshe masa hanya a wurare da dama. Wata safiya mai shela ya zaga cewa kowane namiji mai ƙarfi ya fito gyaran jinga, don haka darasi ya tsaya, malamai da ɗalibai muka koma cika buhuna da ƙasa muna jerawa a inda ruwa yake neman karyawa. Jingar ta riƙe, amma ruwan sama ya rushe ɗakunan ƙasa a unguwar da ke gangare, aka kawo iyalan da abin ya shafa makaranta, muka bar musu azuzuwan. Sauran darussan a zauren dagaci mata suka yi su, maza kuma a rumfar masallaci, da allo ɗaya da muka jingina a jikin gini. Abokan aikinmu na nesa sun kasa zuwa na wasu kwanaki saboda hanya ta yanke, sai 'yan aji uku masu ƙoƙari suka riƙe 'yan aji ɗaya.

Ba mu yi bikin rufewa ba, domin babu wanda yake da zuciyar biki a lokacin. Mun yi gwajin ƙarshe a kwamfuta, muka koma zauren dagaci muka yi godiya, ma'aji ya karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban dattawa, aka yi addu'a. Ragowar alli da takardu muka bar wa hedimasta tare da mabuɗansa. Sakamakon gwajin ya nuna an samu ci gaba sosai wajen sarrafa kwamfuta da fahimtar tambaya, amma Turanci bai motsa ƙwarai ba, kuma ban yi mamaki ba, domin giɓin shekaru ba ya cikewa a hutu ɗaya.

Da aka buɗe rajistar JAMB a farkon shekara muna tsakiyar zango, sai muka raba kanmu a ƙarshen mako, kowa ya raka rukuni ɗaya zuwa cibiyar da hukumar ta amince da ita, domin dole ɗalibi ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Aikinmu a can shi ne tsayawa a bayan yaro mu karanta abin da aka cike masa a fuskar kwamfuta, suna da darussa da makarantar da ya zaɓa, kafin a tura. Ba duka waɗanda suka halarci darasin ne suka samu kuɗin rajista ba; wasu sun jira an sayar da riɗi, wasu sun haƙura sai baɗi. Littafin rajistarmu, mai ɗauke da sunan kowane yaro da matsalar takardunsa da inda aka tsaya, mun miƙa shi ga sababbin shugabannin ƙungiya tare da shawarwari biyu: a hutu mai zuwa a fara da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, tun kafin a raba su zuwa ajin kimiyya da na adabi, a kuma shigar da takardar neman aji tun watan Yuni. An amince da ta biyun nan take. Ta farkon har yanzu ana muhawara a kanta, domin tana buƙatar ƙarin malamai da aji na uku, kuma ba a san ko hutun jami'a zai sake haɗuwa da na yaran ba.